Manhajar duba zafin kwamfuta tana cinye memori har a kashe ta: ta ina take yoyo?

Mai Kula da Inji ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimako a kan wata matsala da ta hana ni sakat kusan mako uku ke nan.

Na rubuta 'yar ƙaramar manhaja da yaren C don ta riƙa duba lafiyar wata tsohuwar kwamfuta da na mayar ma'ajiyar fayiloli. Debian ce a kanta, mai bit 64, memorinta gigabayit 1 kacal. Kowace daƙiƙa manhajar tana tambayar libsensors, laburaren da ke karanta ma'aunan kwamfuta a Linux, zafin firosesa, da zafin faifan ajiya, da gudun fankoki, da ƙarfin lantarkin layukan cikin akwatin. Gaba ɗaya ma'aunai 40 ne. Zare biyu gare ta, wato sassa biyu da ke aiki a lokaci guda: ɗaya yana karanta ma'aunan, ɗayan yana ba da wani ɗan shafi da nake buɗewa a burauza in ga yadda zafi ya hau ya sauka.

Tana aiki lafiya lau har kwana biyar. A rana ta biyar ko ta shida sai in tarar ta mutu, in duba dmesg, wato saƙonnin kanel (zuciyar Linux), in ga layin nan na "Out of memory: Killed process" da sunanta a jiki. Sau uku hakan na faruwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne karo na biyu, fankar baya ta tsaya a daren da manhajar take mace, ban sani ba sai da safe. Dama don irin wannan daren na rubuta ta.

Na riƙa ɗaukar VmRSS, wato adadin memorin da manhajar ke riƙe da shi a zahiri, daga /proc/PID/status. Ga abin da na samu:

da farawa, 5,900 kB
bayan awa 1, 12,650 kB
bayan awa 4, 32,900 kB
bayan awa 24, 167,900 kB

Na haɗa ta da -fsanitize=address, wanda ke kunna AddressSanitizer mai gano kurakuran memori, na bar ta ta yi minti ashirin, na tsayar da ita da Ctrl-C, ba ta ce mini komai ba. A laftof ɗina da nake rubutun a kansa kuwa ban taɓa lura da wani kumburi ba. Na karanta kod ɗin layi-layi, duk inda na kira malloc (mai ɗebo memori) da hannuna akwai free (mai sakinsa) a gabansa. To ta ina memorin ke zurarewa? Ko a cikin laburaren matsalar take?

Tsohon Hannu ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin ka zargi laburare, shirun da ka samu ba shaida ba ce. Sashen AddressSanitizer da ke neman yoyo, wato LeakSanitizer, ba ya yin bincikensa sai lokacin da manhaja ta fita ta ƙofa, wato ta dawo daga main ko ta kira exit. Ctrl-C yana aika SIGINT, idan kuma ba ka rubuta abin da zai tarbi siginar ba, kanel ne ke yanke manhajar nan take, binciken bai ma fara ba. Manhajojin sa-ido duk haka suke, zagaye ne marar ƙarshe, shi ya sa mutane da yawa ke faɗawa wannan ramin. Sa wata tuta mai nau'in volatile sig_atomic_t, mai tarbar SIGINT da SIGTERM ya ɗaga ta, zagayen ya duba ta ya fita da kansa. Layi goma bai kai ba.

Ko kuma ka gudanar da ita a ƙarƙashin Valgrind, wani kayan binciken memori, da --leak-check=full, ka haɗa da -g don ka ga lambar layi. Shi Valgrind zai ba ka rahoto ko da Ctrl-C ka tsayar, in dai ba kill -9 ka yi ba. Yana rage gudun manhaja ninki goma zuwa hamsin, amma taka barci take yi yawancin kowace daƙiƙa, ba za ka ji ba.

Sannan ka ƙirga abin da ke cikin /proc/PID/fd sau biyu, da tazarar minti goma. Ba na tsammanin nan ne, domin iyakar fayilolin da aka saba ba manhaja ta buɗe 1024 ce, da kana barin fayil ɗaya a buɗe a kowane ma'auni da ba ta kai rabin minti ba za ta fara kuka da "Too many open files". Amma dubawar ba ta cin lokaci, a cire shi daga lissafi.

Ɗalibin Tsarin Linux ya rubuta:

Malamai ku gyara mini in na yi kuskure, amma anya yoyo ne kuwa? Na karanta cewa malloc na glibc, laburaren C na Linux, ba ya saurin mayar wa kanel memorin da aka saki, musamman in akwai zare fiye da ɗaya, domin kowane zare na iya samun filinsa daban. Mai zai hana ka gwada MALLOC_ARENA_MAX=1, ko ka riƙa kiran malloc_trim lokaci-lokaci? In kuma abin ya ƙi, a systemd, mai kula da tayar da manhajoji a Linux, ana iya sa MemoryMax (iyakar memori) da Restart=always, duk lokacin da ta ƙoshi a kashe ta a sake tayar da ita.

Malamar Lissafi ta rubuta:

Ɗalibi, abin da ka karanta gaskiya ne, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Idan gutsurewar memori ce, wato guraben da aka saki sun warwatsu malloc ya kasa mayar da su, hawan yakan yi sauri da farko sannan ya lafa, domin sabbin buƙatu suna samun tsofaffin gurabe su shiga. Dubi lambobin da Malam ya kawo. Awa ɗaya, ƙarin 6,750. Awa huɗu, 27,000. Awa ashirin da huɗu, 162,000. Miƙaƙƙen layi ne kamar an ja shi da rula. Abin da ke hawa daidai da agogo, agogo ne ke tura shi, kuma abin da ke bin agogo a wannan manhajar shi ne zagayen karatu.

Malam, kafin ka kunna kowane kayan bincike, ɗauki biro. kB ɗin da /proc ke nunawa bayit 1024 ne, saboda haka 6,750 kB bayit 6,912,000 ne. Raba da 3,600, ka samu 1,920 a kowace daƙiƙa. Raba da ma'aunai 40, ka samu 48 cif, babu saura. Ka ga yanzu ba memori "mai yawa" kake nema ba, bayit 48 kake nema, waɗanda ake ɗauka sau ɗaya a kowane ma'auni a kowane zagaye. Wannan ya rage wurin binciken daga dukan manhajar zuwa cikin ƙaramin zagayen da ke bin ma'aunai ɗaya bayan ɗaya.

Wani abu kuma game da maganarka cewa kowane malloc naka yana da free. Na yarda. Amma ba malloc ɗin da ka rubuta da hannunka ne kaɗai naka ba. Akwai ayyukan laburare da ke ɗebo memori su miƙa maka, daga nan haƙƙin sakinsa ya dawo wuyanka: strdup, da getline, da asprintf, da opendir mai jiran closedir. A libsensors ma akwai ɗaya. Shin kana kiran sensors_get_label a cikin zagayen? Takardar bayanin laburaren ta faɗa ƙarara cewa rubutun da yake dawo da shi sabo ne aka ware, mai kira ne zai sake shi. Mutane suna mantawa da shi ne saboda maƙwabtansa, irin su sensors_get_detected_chips da sensors_get_features, suna dawo da manuni zuwa kayan cikin laburaren, waɗanda ba a yarda ka saki ba. Sai hannu ya saba da rashin sakin.

Abu ɗaya ne bai zauna mini ba. A glibc mai bit 64 mafi ƙanƙantar gurbin da malloc ke warewa bayit 32 ne, kuma yana ɗaukar duk buƙatar da ba ta wuce bayit 24 ba. Sunaye irin su "Core 0" ko "fan2" a nan za su faɗa. Gurbi mai 48 na buƙatun 25 zuwa 40 ne, sunan ma'auni kuwa ba kasafai yake kai haka ba. Don haka ko dai wani abin ne daban mai tsawo, ko kuma 48 ɗin ba abu ɗaya ba ne. Kawo mana rahoton Valgrind mu gani.

Laftof ɗinka kuma bai wanke manhajar ba. Ma'aunai nawa gare shi, kuma awa nawa take yi a kunne kafin ka rufe murfi?

Mai Kula da Inji ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, kin harbi abin a goshi. sensors_get_label yana nan tsakiyar zagayen, ina kwafe sunan cikin tsarina da snprintf in wuce, ban taɓa sakinsa ba.

Na bar ta minti goma a Valgrind. Ya nuna guntaye 23,960 a matsayin "definitely lost", duka daga wuri guda: malloc, a samansa strdup, a samansa sensors_get_label, a samansa aikina na karatu. Zagaye 599 sau 40 ke nan. Abin da ya ba ni mamaki, jimillar bayit ɗin da ya rubuta ba ta wuce dubu 170 da 'yan kai ba. Da ban karanta bayaninki a kan gurbi mai 32 ba da na raina shi, in ce wannan ɗan abin ba zai cika gigabayit ba. Ashe Valgrind abin da aka roƙa yake ƙirgawa, malloc na ainihi kuwa gurbi cikakke yake yankewa. Guntaye 23,960 sau 32 ya haura dubu 766.

Fayiloli a /proc/PID/fd guda 7 ne, ba su motsa ba. Laftof kuma ma'aunai 9 ne da shi, wato kamar megabayit ɗaya a awa, ina kuma rufe shi kowace yamma. Ina zan lura?

Ban tsaya ga ƙara free kawai ba. Na fitar da kiran daga zagayen gaba ɗaya, ina karanta sunayen sau ɗaya da farawa in ajiye, tunda sunan ma'auni ba ya canzawa kowace daƙiƙa. Na kuma sa mai tarbar sigina kamar yadda Malam Tsohon Hannu ya ce. Yanzu Valgrind yana cewa babu ko bayit ɗaya da ya ɓace, LeakSanitizer ma ya yi bincikensa bai sami komai ba.

Sai dai fa ba a gama ba. Na mayar da ita kan kwamfutar jiya da dare, da safe na duba, har yanzu tana hawa. Ta rage gudu, 2,250 kB a awa maimakon 6,750, amma layin a miƙe yake kamar da. Da wannan gudun za ta kai mako biyu kafin ta mutu, amma mutuwar tana nan. Kayan bincike biyu sun ce babu yoyo, ma'aunin kanel ya ce akwai. Wa zan gaskata?

Malamar Lissafi ta rubuta:

Gaskata su duka, domin ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

Valgrind da LeakSanitizer suna tambaya ne: a lokacin fita, akwai gurbin da babu sauran manunin da ke kaiwa gare shi? Wannan shi ne ɓatacce a wurinsu. Gurbin da har yanzu kana riƙe da igiyarsa, ko da ya kai megabayit ɗari biyar, ko da ba za ka sake taɓa shi ba har abada, Valgrind zai sa shi a rukunin "still reachable", ba ya ma jera bayaninsa sai ka ƙara --show-leak-kinds=all. In kuma kana sakinsa da kyau a lokacin fita, ko a wannan rukunin ba zai bayyana ba. Shi kuwa kanel bai damu da ko kana riƙe da igiya ba, shafukan da ka taɓa kawai yake ƙirgawa. A manhajar da ake kunnawa ta yi aiki ta fita, bambancin ba shi da nauyi. A wadda ake so ta yi wata shida ba ta tsaya ba, irin wannan tarin da ba a zubarwa ya fi ɓataccen gurbi wuyar kamawa, kuma ni a gani na ya fi shi yawa.

Sake ɗaukar biron. 2,250 sau 1024, raba da 3,600, raba da 40. Amsa 16. Ga 48 ɗinmu ya rabu: 32 na sunan, 16 na wani abu. Kuma 16 ya gaza mafi ƙanƙantar gurbin malloc, saboda haka ba gurbi ne mai zaman kansa ba, ƙwaya ce a cikin wani babban jeri da ke tsawo. Me kake da shi mai bayit 16 da ake ƙarawa sau ɗaya a kowane ma'auni a kowace daƙiƙa? Ka ce shafinka yana zana yadda zafi ya hau ya sauka. Zanen yana buƙatar tarihi. Lokaci a time_t bayit 8, ƙima a double bayit 8.

Duba wane ne ke datse tarihin, da kuma yaushe ake kiransa. Idan kana son gani da ido, gudanar da valgrind --tool=massif na awa ɗaya ka buɗe sakamakon da ms_print, zai nuna maka wane layi ne ke riƙe da kaso mafi girma yayin da manhajar take raye. heaptrack ma yana yin wannan, kuma ya fi sauƙin nauyi. Wata alama kuma: in kana ninka girman jerin da realloc duk lokacin da ya cika, za ka ga VmSize, wato jimillar memorin da aka ware mata ko ba ta taɓa shi ba, yana tsalle kamar matakala, tazarar kowane tsalle ninkin ta baya, alhali VmRSS yana hawa a hankali, domin kanel ba ya ba da shafi na gaske sai an rubuta a cikinsa.

Tsohon Hannu ya rubuta:

Ina goyon bayan Malama. Ƙari ɗaya don kada ka riƙa jiran dare guda a kowane gwaji: sa tazarar karatun ta zama abin da ake bayarwa a layin umarni. In ka mai da ita milisakan 10, abin da ke ɗaukar awa ɗari zai bayyana a awa ɗaya. Direbobin hwmon, wato na kanel masu karanta ma'aunai, da yawa suna riƙe ƙimar da suka karanta na daƙiƙa ɗaya ko biyu, don haka lamba ɗaya za ka yi ta samu, amma ba lambar kake gwadawa ba, hanyar memorin kake gwadawa. Ni dai na fi son in sa ma'aunan bogi a lokacin irin wannan gwajin, in bar na gaske su huta, musamman na faifan ajiya.

Game da shawarar Ɗalibi kuwa, kada a yar da ita duka. MemoryMax ba magani ba ne, amma katanga ce mai amfani. Idan memorin kwamfuta ya ƙare gaba ɗaya, kanel ne ke zaɓen wanda zai kashe, kuma kafin a kai nan ya riga ya kori ma'ajin fayilolinsa na wucin gadi, komai ya yi nauyi, ita kuma wannan kwamfutar aikinta ke nan ba da fayiloli. Da iyaka a kan manhajar, ɓarnarta ta tsaya a kanta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa iyakar a tafi a manta. Mai gadi da ake tayarwa daga suma kowane mako yana rasa tarihinsa a kowane tashi, kuma babu wanda zai san yana suman sai ya leƙa rajistar systemd da journalctl. Gyara yoyon tukuna, sannan ka sa iyakar ta zama kamar ninki huɗu na abin da take ci a zaune, ka kuma sa ta riƙa rubuta VmRSS nata a matsayin ma'auni na 41. Manhajar da ke auna zafin kowa ya kamata ta auna nata cikin.

Mai Kula da Inji ya rubuta:

Alhamdu lillahi, an kama na biyun. Massif ya nuna kusan dukan tarin yana ƙarƙashin realloc ɗin da ke cikin aikin ƙara tarihi. Ina da aikin datsewa, yana nan, yana kuma aiki daidai, yana zubar da duk abin da ya wuce awa ɗaya. Amma a cikin zaren shafin na sa kiransa, dab da a zana hoton. Wato sai wani ya buɗe shafin ake datsewa. A laftof shafin kullum a buɗe yake a gabana yana sabunta kansa, shi ya sa jerin bai taɓa tsawo ba. A kan ma'ajiyar kuwa nakan yi mako ban buɗe shi ba, zaren karatu yana ta zubawa babu mai kwashewa. Na duba VmSize na daren, matakalar tana nan kamar yadda Malama ta faɗa.

Na cire realloc ɗin dungurungum. Yanzu kowane ma'auni yana da jeri mai zagayawa da ake warewa sau ɗaya da farawa, sabon karatu yana hawa kan mafi tsufa. Gurbi 3,600 na awar da ta wuce, daƙiƙa-daƙiƙa, da wasu 1,440 na matsakaicin kowane minti na yini guda. In aka haɗa ma'aunai 40 abin bai wuce megabayit 3 da 'yan kai ba, kuma na san adadin tun kafin ta fara gudu. Zaren shafin ba ya taɓa tarihin yanzu sai dai ya karanta, a ƙarƙashin makulli.

Na gwada da ma'aunan bogi a tazarar milisakan 10 na awa biyu, sannan na mayar da ita kan na gaske. Yau kwana tara. VmRSS ya hau a yinin farko yayin da jerin ke cika, ya tsaya a 9,100 kB, bai ƙara ko shafi ɗaya ba tun daga nan. Na sa MemoryMax=40M da Restart=on-failure, na kuma ƙara ma'aunin memorin kanta a shafin.

Saura tambaya ɗaya, tunda yanzu sau ɗaya nake karanta sunaye. libsensors yana gano na'urori ne a lokacin sensors_init kawai, ni kuma nakan cire faifai in sa wani ba tare da na kashe kwamfutar ba. Ina tunanin in sa siginar SIGHUP ta kira sensors_cleanup sannan sensors_init, in sake gina jerin ma'aunai. Na san duk manunin da laburaren ya ba ni kafin nan ya mutu, dole in zubar da su. Abin da ban yanke ba shi ne tarihin faifan da aka cire: in sake shi nan take, ko in riƙe shi na awa ɗaya ko zai dawo? Malama, in na riƙe, da wane suna zan gane shi, tunda lambar hwmon tana iya canzawa?